Martani ga Mai Cewa a Bar wa Manhaja Rabon Rukuni

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a kwanakin baya, inda yake kwaɗaitar da 'yan kasuwarmu su rungumi manhajojin haɗa rahoto irin su Excel da Power BI da Tableau. Niyyar Malam mai kyau ce. Yana so masu dukiya su daina dogaro da tsohon littafin shago da abin da yaro ya iya tunawa, su koma ga kwamfuta, kuma a nan ba ni da ja. Inda muka raba hanya shi ne shawarar da ya ɗora maƙalar a kanta. A ganinsa, mai dukiya ba ya buƙatar sanin yadda aka kasa bayanan cinikinsa rukuni-rukuni, wannan aikin akanta ne da manhaja. Shi dai a miƙa masa shafi ɗaya mai ɗauke da jimillar kowane wata da kowane reshe, ya duba ya yanke hukunci. Hujjarsa ita ce lissafi ba ya son kai, kuma manhajojin yanzu suna gane kwanan wata da sunan gari da nau'in kaya da kansu, su tara kowanne a muhallinsa.

Ban yarda da wannan ba, kuma ina tsoron wanda ya bi shawarar sau da ƙafa zai tafka asara bai san ta inda ta shigo masa ba. Kwamfuta ba ta kuskuren tarawa, wannan gaskiya ne. Amma kafin a kai ga tarawa, sai wani ya zaɓi me za a haɗa da me, me kuma za a ware. Wanda ya yi wannan zaɓi ya riga ya yanke abin da mai dukiya zai gani da abin da zai ɓoyu masa. Idan Alhaji bai san da zaɓin ba, to hukuncin da yake zaton shi ya yanke, an riga an yanke masa rabinsa tun kafin takardar ta iso teburinsa.

Malam ya wuce abin da manhajar ke yi a zahiri da sauri, don haka bari in tsaya a kai. Duk cinikin da aka yi, layi ɗaya ne a cikin kwamfuta: kwanan wata, reshe, sunan mai saye, kaya, adadi, farashi. Kamfani mai rassa uku ko huɗu zai iya tara dubban irin waɗannan layuka a wata guda, kuma babu mai zama ya karance su. Shi ya sa ake kasa su. A Excel ana yi da abin da suke kira PivotTable, a manyan rumbunan bayanai kuma da umarnin GROUP BY na harshen SQL. Aikin iri ɗaya ne: manhaja ta duba gurbin da aka nuna mata, ta tattara duk layukan da rubutunsu ya zo daidai a wannan gurbi, ta dunƙule su su zama layi ɗaya, sannan ta tara lambobinsu ko ta ƙirga su ko ta fitar da matsakaicinsu. Wane gurbi za a duba, a ina iyakar rukuni za ta tsaya, wane irin lissafi za a yi wa abin da aka dunƙule, duk mutum ne ke faɗa. In kuwa bai faɗa ba, manhajar za ta bi abin da injiniyoyin da suka ƙirƙire ta suka tsara mata, mutanen da ba su taɓa jin sunan kasuwar da Alhaji ke zaune ba.

A ƙaddara wani ɗan kasuwa yana da reshe biyu, kowanne ya yi cinikin naira miliyan 100. Shafi ɗayan da Malam ke so ya nuna cewa reshen farko ya kawo ribar naira miliyan 6.5, na biyu ya kawo miliyan 12.6. Kowa ya ga wannan zai ce manajan reshe na biyu gwani ne, na farko kuma yana barci. Sai a ƙara wa ɗaya la'ada, a kira ɗayan a yi masa faɗa, wataƙila ma a ce ya je ya koyi aiki wurin ɗan'uwansa.

Yanzu a buɗe rukunin, a ware sari daban, sayarwar ɗaiɗai daban. Reshen farko yana tsakiyar kasuwar 'yan sari ne: miliyan 90 na cinikinsa sari ne da ribar kashi 5 cikin 100, miliyan 10 kacal ne ɗaiɗai da ribar kashi 20. Na biyu yana bakin titi cikin unguwa: miliyan 20 sari da ribar kashi 3, miliyan 80 ɗaiɗai da ribar kashi 15. Mai karatu ya lissafa da kansa, jimillar ba ta canza ba. Amma manajan da aka yi wa faɗa ya fi ɗan'uwansa riƙe farashi a sari, ya kuma fi shi a ɗaiɗai. Matsugunin shago ne ya ɗaga na biyu. Da an ba na farko wannan shago na bakin titi, da ribar ta haura abin da ake murna da shi. Ga shi an hukunta wanda ya fi iya aiki, an kuma tura shi ya koyi sakin farashi.

Ban ce jimillar ƙarya ce ba. Idan tambayar Alhaji ita ce wane irin ciniki ne ya fi kawo masa kuɗi, ko a wane irin wuri zai buɗe shago na uku, jimillar ta amsa masa daidai. Idan kuwa tambayarsa ita ce wa ya fi riƙe masa amanar farashi, ta ɓatar da shi. Tambaya ce ke fayyace rukunin da ya dace, tambaya kuwa ta mai dukiya ce. Akanta ba zai san abin da ke ran Alhaji ba sai ya faɗa masa, balle manhaja.

Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan juyi, har suna danganta shi da Edward Simpson, Baturen Ingila da ya yi rubutu a kansa a 1951. Misalinsa mafi shahara ya faru ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. A 1973, cikin maza 8,442 da suka nemi gurbin karatun gaba da digiri an ɗauki kusan kashi 44 cikin 100, cikin mata 4,321 kuwa kashi 35 kawai. A dunƙule, abin ya yi kama da nuna wariya ƙarara. Da Peter Bickel da abokan aikinsa suka bi alƙaluman sashe-sashe, suka wallafa sakamakon a 1975, sai hoton ya sauya. A huɗu daga cikin manyan sassa shida, kason matan da aka ɗauka ya fi na maza. Abin da ya faru shi ne mata sun fi tururuwa zuwa sassan da gurbi ya yi ƙaranci ga kowa da kowa, maza kuma zuwa sassan da ake ɗaukar mutane da yawa. Babu lamba ko ɗaya da aka canza tsakanin rahoton farko da na biyu. Rukuni kawai aka sauya.

Sai batun wata, wanda ya fi komai damuna a maƙalar Malam, domin ya kawo shi ne a matsayin abin da babu wata muhawara a cikinsa: a kasa ciniki Janairu, Fabrairu, Maris, a kwatanta da na bara. Manhajar tana yin haka da kanta kuwa, da zarar ta ga gurbin kwanan wata. To amma kasuwarmu da wace kalanda take tafiya? A 2024 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, aka yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30 ga Maris. Mai sayar da takalma da huluna da kayan yara, wanda kasuwarsa ke tashi a goman ƙarshe, ya yi babban cinikinsa na 2024 a kwanakin farko na Afrilu, na 2025 kuma ya faɗa masa gaba ɗaya cikin Maris. Rahoton wata-wata zai ce masa Maris ɗin 2025 ya yi tashin gwauron zabi, Afrilu kuma kasuwa ta rushe. Ko a rahoton wata uku-uku ma bai tsira ba, domin Sallar 2024 ta faɗa rubu'i na biyu ne, ta 2025 kuma rubu'in farko. Wanda ya gaskata takardar zai iya cika sito da kaya saboda tashin da bai faru ba, ko ya sallami yara saboda faɗuwar da ba a yi ba.

Kuma ba kowa ne Sallar ke taɓawa lokaci ɗaya ba. Ɗan Kantin Kwari mai shadda da atamfa cinikinsa na rigan na mai takalmi, saboda sai an ba tela lokaci. Ɗan kasuwar Singa mai sukari da madara nasa na tashi tun kafin a ga wata. Ɗan Dawanau kuma da kaka da bazara da damina yake lissafi. Wanda ke kai kaya kasuwar mako, irin Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, wani watan kasuwa huɗu yake ci, wani watan biyar. Bambancin huɗu da biyar kashi 25 ne cikin 100, kuma zai fito a rahoto tamkar ci gaba ko koma baya alhali kalanda ce kawai ta motsa.

Kada a ɗauka wannan ƙorafin mutanen da ba su waye da zamani ba ne. Manyan kantunan Amurka sun gano matsalar tun shekarun 1930, suka ƙirƙiro kalandar ciniki da ake kira 4-5-4, wadda ke kasa kowane rubu'i zuwa mako huɗu, mako biyar, mako huɗu, don adadin Asabar da Lahadi ya zo daidai idan ana kwatanta bana da bara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar Sin tana haɗa alƙaluman Janairu da Fabrairu wuri guda wajen bayar da rahoton cinikin kantuna da aikin masana'antu, saboda bikin sabuwar shekararsu yana yawo tsakanin watannin biyu. Waɗannan mutane sun lanƙwasa rahoto ya bi kasuwarsu. Mu da lokacin cinikinmu mafi girma ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, mu ne za a ce mu karɓi watannin da manhaja ta zo da su mu yi shiru? Ana iya gina wa Power BI ko Excel teburin kwanaki mai ɗauke da watan Musulunci da makon azumi da ranar kasuwa, aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Sai dai babu akantan da zai yi shi in mai dukiya bai nema ba, mai dukiya kuma ba zai nema ba in an gaya masa wannan ba huruminsa ba ne.

Ko a cikin watannin Bature ma akwai ramuka. In aka ce wa Excel ta kasa bayanan shekara biyu wata-wata ba a haɗa mata da shekara ba, za ta zuba Janairun bara da na bana a layi ɗaya. In kwamfutar tana kan tsarin Amurka, wanda ke fara rubuta wata kafin rana, to 03/04 da yaro ya rubuta da nufin 3 ga Afrilu za ta karanta shi 4 ga Maris. Daga ranar 13 zuwa sama kuma ba za ta gane shi a matsayin kwanan wata ba sam, tunda babu wata na goma sha uku.

Malam ya ce manhaja na gane sunan gari. Abin da take ganewa haruffa ne. Yaro ɗaya ya rubuta Dambatta, wani ya rubuta Danbatta, na uku ya sa ƙugiya ya rubuta Ɗambatta: gari uku ke nan a wurinta, kowanne da ɗan cinikinsa, babu wanda ya kai a kula da shi. Zaria da Zariya, Funtua da Funtuwa, haka. Ko tazara ɗaya da yatsa ya ƙara bayan kalmar Kano ta isa ta haifar da Kano ta biyu a cikin rahoto. Ta ɗaya gefen kuma tana haɗa abin da bai haɗu ba. Akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a jihar Kano, akwai wata a jihar Nasarawa. Akwai Bassa a Filato, akwai ta a Kogi. Sabon Gari na Kano daban, na Zariya daban, Tudun Wada kuwa kusan kowane babban gari a Arewa yana da tasa. Na san zai ce ai akwai dabarar da ke haɗa kalmomi masu kama da juna, kuma akwai ta, a Power Query da Tableau Prep. Amma wadda ke bin lafazi a Tableau Prep a kan furucin Ingilishi aka gina ta. Mai bin kamannin haruffa kuma ba ta da hanyar sanin cewa Dutse babban birnin Jigawa ne, Dutsi kuma ƙaramar hukuma ce a Katsina. Dole mutumin da ya san ƙasar ya zauna ya duba abin da ta haɗa.

Inda wannan ya fi ciwo shi ne littafin bashi. Mutum ɗaya aka rubuta shi Alhaji Sani yau, gobe Alh. Sani, jibi Sani mai shadda. Bashinsa ya rabu gida uku. Alhaji ya ce a kawo masa jerin mutum goma da suka fi riƙe masa kuɗi, sai sunan wannan bai fito ba, alhali in an haɗa ukun shi ne a sama. Aka ci gaba da ba shi kaya. Ko kuma Alhaji Sani biyu ne daban, aka ɗora wa mai biya a kan kari nauyin mai taurin bashi, aka ɓata hulɗar shekaru. Maganin ba shi da wuya, a ba kowane abokin ciniki lamba, a riƙa kasawa da lambar. Amma wannan ma umarni ne da sai daga sama zai fito, domin yaran shago ba za su ƙara wa kansu aiki don ra'ayin akanta ba.

Akwai kuma abubuwan da ba a tara su ko kaɗan, manhaja kuwa za ta tara in ba a hana ta ba. Kayan da ke sito a ƙarshen Janairu da na ƙarshen Fabrairu da na ƙarshen Maris, in aka haɗa su aka kira jimillar rubu'i, an ƙirga buhu ɗaya sau uku. Mai sayen da ke zuwa rassa biyu mutum ɗaya ne, amma tara adadin kwastomomin reshe-reshe zai mayar da shi biyu. Rasit mai kaya iri biyar da kuɗin dako guda ɗaya, in aka haɗa teburin rasit da teburin kaya ba a kula ba, kuɗin dakon zai maimaitu sau biyar. Gurbin adadi da aka cuɗa kwali da dozin da ɗaiɗai a cikinsa zai ba da jimillar da ba ta nufin komai, kamar wanda ya zuba gero da dawa da shinkafa a buhu ɗaya ya auna ya ce ga farashin tiya. In wani ya rubuta harafin N a gaban kuɗi, Excel za ta ɗauke shi rubutu ta tsallake shi wajen tarawa, PivotTable kuma za ta iya komawa ƙirga layuka a maimakon tara kuɗi. Sannan ga naira ita kanta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan shekara, wanda rahotonsa ya nuna ciniki ya ƙaru da kashi 20 a naira, mai yiwuwa kwalayen da suka fita daga sitonsa raguwa suka yi. Shafi ɗaya da aka kasa da naira kaɗai zai taya shi murna.

Amsar da nake jiran Malam ya bayar ita ce, ai shi ya sa ya ce a ɗauki ƙwararren akanta. To ga labarin ƙwararru. A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa bincike kan bashin ƙasashe da bunƙasar arzikinsu. Sun ɗauki ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009, suka kasa shekarun rukuni huɗu gwargwadon nauyin bashi idan an auna shi da abin da ƙasa ke samarwa a shekara: ƙasa da kashi 30, daga 30 zuwa 60, daga 60 zuwa 90, da abin da ya haura 90. Suka ce a rukunin ƙarshe matsakaicin bunƙasa ya faɗi ƙasa da sifili, zuwa kashi -0.1. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙe wannan lamba ta 90 suna kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihun gwamnati, a lokacin da miliyoyin mutane ke neman aikin yi.

A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Masachusets da ke Amherst, Thomas Herndon, ya nemi ainihin teburin Excel ɗin, ya samu, shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka buɗe rukunan. Abin da ya fi yawo a jaridu shi ne kuskuren jan layi da ya bar ƙasashe biyar a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Danmak. Amma wannan ƙaramin kaso ne na giɓin. Mafi yawansa daga wasu shekaru ne da aka cire daga lissafin da kuma yadda aka dunƙule sauran. An fitar da matsakaicin kowace ƙasa, sannan aka fitar da matsakaicin matsakaitan, kowace ƙasa da nauyi ɗaya. Birtaniya tana da shekara 19 a wannan rukuni, tana bunƙasa da kimanin kashi 2.4. Niyu Zilan shekara ɗaya tak aka sa mata, 1951, shekarar da rikicin ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa ya daƙile ƙasar, da faɗuwar kashi 7.6. Shekara ɗayan nan ta yi nauyi daidai da sha taran can. Da su Herndon suka sake lissafin, kowace shekara da nauyinta, sai matsakaicin ya koma bunƙasar kashi 2.2. Marubutan biyu sun amsa kuskuren jan layin, amma sun tsaya kan cewa hanyar awonsu zaɓi ne da za a iya karewa. Wannan ita ce maganata. Zaɓi ne, kuma waɗanda suka gina manufofin ƙasa a kan sakamakon ba su san an yi shi ba. Matsakaicin matsakaitai kuwa shi ne abin da ke faruwa a ofisoshinmu duk lokacin da aka ɗauki kason ribar reshe mai cinikin miliyan 5 da na reshe mai miliyan 500, aka haɗa aka raba biyu, aka kira shi ribar kamfani.

Akwai inda Malam yake da gaskiya, kuma ba zan tauye masa ba. Mai dukiya ba shi da lokacin bin layi dubu ashirin, kuma shugaban da ke nutsewa cikin kowane rasit ba zai ga inda kasuwa ta dosa ba. Taƙaitawa dole ce. Abin da nake ja da shi shi ne a mayar da taƙaitawar wani ɗaki da Alhaji ba ya shiga. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mutumin da ya shekara talatin a kasuwa, in aka nuna masa abin da ke cikin rukuni, nan take zai ce wannan kaya ba ajinsu ɗaya da wancan ba, wannan mutumin ɗan sari ne ko da ya sayi kwali biyu, wannan makon na jajibirin Sallah ne kada a kwatanta shi da kowane mako. Wannan sani ne da babu shi a cikin kwamfuta, kuma shawarar Malam tana zubar da shi ne a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Tana kuma buɗe wata ƙofa da bai ambata ba. Ma'aikacin da ke son ɓoye reshen da ke zubar da kuɗi ba sai ya taɓa lamba ko ɗaya ba. Ya isa ya haɗa shi da reshe mai ƙarfi a ƙarƙashin sunan shiyya, ko ya tura kayan da suka ƙi tafiya cikin layin nan na ƙasa da ake rubuta wa Sauransu. Mai binciken kuɗi zai zo ya tarar kowace jimilla daidai take.

Abin da nake nema bai kai yadda Malam ke tsoro ba. Zama ɗaya ne tsakanin mai dukiya da akantansa, a yarda a kan rukunan: me ake kira sari, daga wane adadi, wace kalanda za a bi, wane kaya ne ke tafiya da wane, a rubuta a ajiye, kada kowa ya sauya sai da sanin Alhaji. Kowane layi na rahoto ya zo da adadin cinikin da aka dunƙule a cikinsa, don a san ko kaso ya fito ne daga ciniki uku ko dubu uku. Naira ta zo tare da adadin kaya. Layin Sauransu da layin da ba a cike sunansa ba su fito fili da nauyinsu, in sun yi ƙiba a fasa su. Manhajojin da Malam ya lissafa duk suna ba da damar buɗe rukuni. A PivotTable danna lamba sau biyu kawai ake yi, sai ta zazzago duk layukan da suka haife ta a sabon shafi.

Ina roƙon Malam, tunda mutane na sauraronsa, ya sake waiwayar wannan sashe na maƙalarsa ya gyara shi, domin sauran nasiharsa tana da amfani kuma bai kamata wannan ya ɓata ta ba. Kai kuma mai dukiya da ke karanta wannan, ranar da aka kawo maka rahoto na gaba, kada ka sa hannu tukuna. Zaɓi layin da ya fi faranta maka rai da wanda ya fi ɓata maka, ka ce wa akanta ya buɗe su a gabanka, ka karanta abin da ke ciki da idonka.